Ɗanwaken Mama Keziya

Matata Tabita ta rasu ranar Talata, kwana biyu bayan abincin zumunta na cocinmu. Likita ya rubuta shanyewar ɓarin jiki a takarda, ya ƙara da ciwon suga na shekara goma sha ɗaya. Da ni aka miƙa wa biron, da teburi zan rubuta: dogon teburin nan mai farar leda da ake kafawa a zauren da muke haya a unguwar Barking, nan ƙasar Turawa.

Zauren ba namu ba ne. Ranar Asabar masu koyon dambe ke amfani da shi, ran Lahadi mu zo mu ɗora waƙa a kan warin guminsu. Mu kusan saba'in ne, mutanen Wusasa da Kafanchan da Gindiri da Numan, waɗanda har yanzu addu'a ba ta shiga jikinmu sai da Hausa. Lahadin farko na kowane wata, in an tashi sujada, kowace mace a Zumuntar Mata takan kawo kula guda ta abinci a jera a teburin. Ba a rubuta suna a jikin kula, wai don kada a nuna bambanci. Kowa ya san ta kowa. Matan su koma gefe suna hirar makarantar yara, idon kowace na kan kularta. In an gama, wadda aka suɗe tata tas takan ɗaga ta sama tana ƙorafin ƙarya, wai ko ɗanɗanawa ba ta samu yi ba. Wadda tata ta yi saura kuwa ta rufe da sauri ta cusa a jaka. Macen da ba ta kawo komai ba ba ta tsayawa cin abinci. Ba wanda ya kafa wannan doka, shi ya sa ba mai karya ta.

Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a laburaren ƙaramar hukuma. Ranar da aka ce Tabita tana da suga, na kwaso duk littafin da ya ambaci ciwon na karanta, har da waɗanda suke ƙaryata juna. Na sayi sikeli. Na auna shinkafa, na auna doya, na raba ta da madarar gwangwani da ta shekara talatin tana zuba wa shayi. Ta sa mini suna Malam Sikeli. A gida ba ta taɓa yi mini gardama ba. Abin da na auna shi take ci, ta wanke farantin ta ce an gode.

Rana ɗaya ce a wata ta gagare ni. Tabita ba ta shiga layi da wuri. Sai kowa ya ɗiba ya zauna, sannan ta tashi ta bi teburin a hankali daga wannan bakin zuwa wancan, ta dawo da faranti maƙil. Abin da ke ciki kuma ko kama hankali ba ya yi: ɗanwake da ya huce ya daskare, taliya da ta caɓe, alalen da tsakiyarsa bai nuna ba. Da masar Safura ce, Uwar Zumunta, wadda ake rububinta, da na ce rauni ne irin na ɗan Adam. Wannan ko zaɓe babu. Na yanke a raina cewa jira take a watse daga teburin don ta ɗibi son ranta, ko mene ne ta tarar.

Nakan zauna kusa da ita da ganyen salak da yankan kifi ɗaya, don ta ga misali. Ni babu abin da ke damuna. Likitana ya ce jinina na ɗan shekara arba'in ne. Wani lokaci takan turo farantin wajena da ɗan yatsa, ta ce, "Malam, taya ni mana." In mayar mata in ce ba za a haɗa baki da ni ba.

Daga Barking zuwa Plaistow, inda gidanmu yake, tasha uku ce a jirgin ƙasa na District line. A cikinsu muke yin faɗanmu na wata-wata. Na ƙarshen ina iya maimaita shi kalma-kalma.

"Cokali talatin da ɗaya," na ce mata tun jirgi bai tashi ba. "Na ƙirga."

"Sannu da aiki, Malam."

"Ɗanwake har sau biyu. Ɗanwaken da in aka jefi mutum da shi sai an kira motar asibiti."

"Yajin da daɗi," ta ce.

"Kwaɗayi ne zai kashe ki, Tabita. Shekara sittin da biyu, kina yi kamar yarinyar da aka kai gidan biki ba uwarta."

Ta juya ta dubi taga. Muka wuce tashar East Ham. Sai da muka tsaya a Upton Park ta ce, "Baban Lovelyn, kai ba ka taɓa dafa abu ka kai cikin mutane ba."

Na ɗauka kauce wa zancen take yi. Ran Litinin na hukunta ta da shiru, na auna mata abinci na ajiye ban ce uffan ba. Talata da safe na ji buta ta faɗi a kicin. Ba ta ƙara magana ba.

'Yarmu Lovelyn tana aikin harhaɗa magunguna a Croydon. Ta faɗa mini ya fi sau uku, da Turanci, don a nan aka haife ta, cewa faranti ɗaya a wata ba ya kashe mutum, ciwon ne ya yi aikinsa. Ban saurare ta ba. Mai laifi nake nema. In teburin ne ya kashe ta, shi da kwaɗayin da yake tayar mata, to abin da na faɗa a jirgi gaskiya ne, kuma ba sai na nemi gafarar kowa ba. A kan wannan na jingina duk shekarar.

Wata goma ina fita da an yi addu'ar rufewa, ko kallon teburin ba na yi. A na goma sha ɗaya na kai maganar majalisar dattawa, inda nake magatakarda. Na ce a soke abincin zumunta gaba ɗaya. Rabaran Habila, limaminmu, mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa, don haka yakan ɓata wa kowa a hankali. Ya ce a kira Uwar Zumunta a ji ta bakinta.

"Baba Filibus," in ji Safura, "in ka ɗauke abincin, wa kake gani zai taso daga Croydon, jirgi biyu da bas, don wa'azin Rabaran kawai?"

"Mama Safura, ina zaune fa," in ji Rabaran.

"Ai don kana zaune na rage, Rabaran."

Aka yi dariya. Na jira ta ƙare, sannan na faɗa musu cewa mutum goma sha tara a cikinmu suna shan maganin suga ko na hawan jini. Na sani ne don wajena suke zuwa in karanta musu takardun asibiti. Na ce biyu daga cikinsu suna zaune a ɗakin nan. Dariyar ba ta dawo ba.

Ba a soke ba, amma na samu abin da ya kusa. Za a kawar da manyan farantai a kawo ƙanana. Zagaye ɗaya, babu ƙari. Rabin farantin ganye. Ruwa maimakon lemun kwalba, zoɓo ba sukari. Ni na rubuta sanarwar, ni na je na ɗauko farantai tamanin, kowane bai fi tafin hannuna da yatsu ba. Aka sa ranar farawa ta zama Lahadin da ta fi kusa da cikar Tabita shekara ɗaya, aka ce in yi jawabi.

Ranar na tsaya a bakin teburin ina miƙa faranti kamar mai duba tikiti. Malam Ayuba, direban bas, wanda cikinsa ke riga shi shiga ɗaki, ya juya nasa gaba da baya.

"Baba, wannan na ɗora kofin shayi ne ko na mutum?"

"Na mutumin da ke son ganin jikokinsa ne."

Ya tafi ya dawo da tuwo a ƙasa, dafa-duka a kai, masa biyu a sama, da ganyen salak guda a tsaye kamar tuta.

"Faɗi kuka hana, Baba," in ji shi. "Ba ku ce kada a yi bene ba."

Ban da shi, abin ya tafi yadda na tsara. Da mutane suka ga wuri ya ƙure, sai suka koyi zaɓe. Masar Safura ko minti goma ba ta yi ba. Kwaɗon zogale ya ƙare, abin da bai taɓa faruwa ba. Aka gama da wuri, babu mai gyangyaɗi a kujera, babu mai kwance maɓallin wando. Na tashi na yi jawabina. Na yi bayanin abin da sitaci ke zama a cikin jini, da abin da manja ke yi wa jijiya. A ƙarshe na ce Tabita ta kasa kame bakinta a gaban teburin nan, mu kuma muka taya ta, kuma ba na so a ƙara binne kowa saboda faranti.

Maza suka gyaɗa kai. Ɓangaren mata kuwa shiru, irin shirun da na ɗauka na nadama ne.

Ana kwashe kujeru na hangi Mama Keziya a can ƙarshen teburi tana kokawa da jakarta. Tsohuwa ce da ta haura tamanin. Ɗanta ya kawo ta daga Zonkwa ta yi renon jikoki, jikokin suka girma, ita kuma ta saura a wani ɗaki a Dagenham da yana a idonta. Kular ta ƙi shiga jakar. Na je na karɓa, sai na ji nauyi. Ludayin da aka ɗora a kai yana ƙyalli, ko maiƙo babu.

"Kawo in raka ki bas, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, Malam Filibus."

Muka fito. Tafiyarta a hankali take, ni kuma kular na bugun gwiwata. Sai da muka zauna a rumfar jiran bas ta ce, "Ka yi magana mai kyau yau. Masu ciwo sun ji. Wuri ɗaya ne ka faɗi abin da ba haka ba."

"Wane wuri, Mama?"

"Ka taɓa cin ɗanwakena?"

Sai lokacin na gane abin da nake ɗauke da shi. Na ce ban taɓa ba.

"Allah ya tsare ka. Ba ya ciwuwa. Tun da idon nan ya tafi ban san yawan kanwar da nake zubawa ba. Jikokina in sun gan shi sai su ce no thank you, Grandma, su ɗauko biskit. Amma shi kaɗai ya rage da hannuna ke iya yi ba sai na gani ba. In ban kawo ba kuma, ka san ba zan zauna in ci na mutane ba."

Ta gyara sandarta tsakanin ƙafafunta.

"Tabita ludayi take dubawa. Shi ya sa take jira kowa ya gama. Ta bi teburin nan, duk kular da ta ga ludayinta bai jiƙe ba, ta nutsa shi a tsakiya, ta yi rami babba yadda mai kular za ta gani daga nesa. Tawa, da ta yarinyar nan mai taliya da ta auri Bature, da ta duk wata sabuwar zuwa da ba a san hannunta ba tukuna. Sai ta zo ta dafa ni ta ce, Mama, yau kin ƙure. Na san ƙarya take. Ita ma ta san na sani."

"To ta ɗiba mana ta zubar," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Ga kwandon shara nan a bayan ƙofa."

Ta juyo da fararen idanunta wajena.

"Malam, ai muna kallo. Ni ma da ba na gani, akwai mai faɗa mini."

Wata bas ta zo, ba tata ba ce, ta wuce.

"Na taɓa ce mata, 'yata, ciwonki fa. Ta ce, sau ɗaya ne a wata, Mama, Malam zai rama mini da sikeli. Ba ta taɓa faɗin sunanka ba dariya ba." Ta gyara gyalenta. "Shekarar nan da ba ta nan, mutane suna ɗan taɓawa don kunya. Farantin yana da fili, a sa guda biyu a gefe a bar su a can. Yau babu fili. Ban ga laifinka ba. Amma wannan ne na ƙarshe, ba zan ƙara wahalar da kaina da bas biyu ba."

Na karanta littattafai fiye da yadda ya kamata mutum ɗaya ya karanta, kuma a cikinsu na saba gane mijin da bai fahimci matarsa ba tun shafi na goma. Nakan ji haushin jinkirinsa. A rumfar nan abin da ya dawo mini shi ne ɗan yatsan Tabita a bakin faranti, yana turo shi wajena a hankali, don kada matan su lura. Malam, taya ni mana. Ni mai jinin ɗan shekara arba'in, ina zaune da ganyen salak ina ƙirga mata cokali.

A jakata akwai ragowar farantai shida da ba a yi amfani da su ba. Na zaro ɗaya, na buɗe kular a kan cinyata. Ɗanwaken ya yi baƙi-ƙirin, ya manne wuri guda, mai ya daskare a kansa. Na nutsa ludayin a tsakiya.

"Me kake yi, Malam?"

"Ban ci abinci ba yau."

Babu cokali, da hannu na ci. Kanwar ta kama mini harshe tun loma ta farko, ɗacinta ya hau har hanci. Kowane guda sai na tauna shi kamar ganda. Wasu 'yan mata biyu da ke jiran bas suka matsa can gefe. Na cinye, na sake cikawa, ni da na rubuta da hannuna cewa babu ƙari. Mama Keziya ta karkato kunne tana sauraron taunata.

"Yaya?" ta ce.

Na so in ce ta ƙure, bakina ya ƙi. Ban iya irin wannan ƙaryar ba, ban taɓa koya ba.

"Yajin da daɗi," na ce.

Ta yi dariya har ta dafa sanda, sannan ta sa bakin gyalenta ta goge ido. Gaskiya ne kuma, yajin da daɗi. Akwai citta a ciki da ƙuli-ƙuli, an daka shi yadda ya kamata. Ko a nan ma Tabita ba ƙarya ta yi mini ba.

Da bas ɗinta ta zo na ɗora mata jakar, ta ɗan yi sauƙi. Na ce ta kawo wata mai zuwa. Ta ce za ta gani.

Na shiga jirgi ni kaɗai, cikina kamar na haɗiyi tubali. East Ham. Upton Park. Plaistow. A gida na buɗe durowar kicin inda na'urar gwajin sugan Tabita take tun bara, ban iya yar da ita ba. Na jira awa biyu cif, yadda littattafan suka ce, na huda yatsa na ɗiga jinin. Shida da ɗigo huɗu. Lafiya ƙalau. Faranti biyu na ɗanwaken Mama Keziya, jikina ko a kwalarsa.

Shekara goma sha ɗaya, sau ɗaya a wata. Sau ɗari da talatin da biyu ke nan. Ban so in ƙirga ba, amma ƙirga ce abin da na iya.

Dokar ƙananan farantai tana nan, ban janye ta ba. Daidai ce, kuma Malam Ayuba ya ce ya rage kilo uku. Lovelyn har yanzu tana cewa ba farantin ne ya kashe mamanta ba, wataƙila ma ta fi ni gaskiya. Wannan bai rage mini komai ba. Da ina da teburin da zan ɗora wa laifi. Yanzu abin da ya rage mini kalma ɗaya ce, kwaɗayi, da na faɗa mata tsakanin Barking da East Ham, wadda zan nemi gafararta kuma ba ta nan.

Lahadin farko na watan da ya biyo baya na bar wa Safura rabon farantai. Na zauna har kowa ya ɗiba, sannan na tashi na bi teburin ina duba ludayi. Guda biyu na tarar da ba su jiƙe ba, na yi wa kowace rami a tsakiya. Kular Mama Keziya ba ta cikinsu. Na kai har ƙarshen teburin na dawo, ban gan ta ba.